Tafiya Da Ƙafa A Filin Yaƙin Uhudu: Ziyara Ce Ko Yawon Kallo?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, mai iko a kan nasara da rashinta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Duk alhajin da Allah ya nufa da zuwa Madina ya san ranar da ake fita ziyara. Da hantsi akan zuba alhazai cikin manyan motoci, a kai su Masallacin Ƙuba, a biya da su Ƙiblataini, kana a zarce da su Uhudu. Da an sauka sai a ga jama'a sun yi dafifi a kan wani ɗan tudu, wasu suna ɗaukar hoto da waya, wasu kuwa suna can ƙasa suna cinikin dabino da carbi. Kafin mutum ya gama waige-waige direba ya soma kiran a komo mota. Da yawa sukan bar wurin ba su san sunan tudun da suka hau ba, balle abin da ya auku a kansa. Akwai kuma 'yan ƙalilan da sukan ware yini guda, su taso daga Masallacin Annabi da ƙafa, su bi hanyar arewa har gindin dutsen, tafiyar da ba ta wuce mil 3 ba.

To, tambayar da ta kamaci mai hankali ita ce: mene ne hakkin irin wannan wuri a kan mai taka shi? Ƙasa ce da aka zubar da jinin bayin Allah a kanta, aka kuma ji wa Manzon Allah ciwo. Shin ya dace mutum ya riƙa zagaya ta kamar yadda yake zagaya kasuwa? In kuwa bai dace ba, da wace irin zuciya ake shigarta, kuma da me ake fitowa daga cikinta?

Sunna ta nuna cewa wuraren tarihi ba ɗaya suke ba. A shekara ta 9 bayan Hijira, wato 630, a kan hanyar yaƙin Tabuka, rundunar Musulmi ta ratsa Hijiru, garin Samudawa mutanen Annabi Salihu. A nan Manzon Allah ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka halaka sai fa suna kuka, ya rufe kansa, ya gaggauta tafiya har ya wuce kwarin. Amma dutsen Uhudu, wannan Manzo da kansa ya bayyana cewa akwai ƙauna tsakaninsa da Musulmi, yana son su suna son sa, ya kuma kasance yana zuwa wurin shahidansa yana yi musu addu'a. A duka wuraren biyu abin da aka nema daga mai wucewa guda ne, wato kada zuciyarsa ta gafala. Bugu da ƙari, a tsakiyar ayoyin Suratu Ali Imrana da suka sauka game da Uhudu akwai wadda ta umurci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda ƙarshen magabata ya kasance. Ashe ke nan tafiyar ba laifi ba ce. Abin tsoro shi ne a yi ta ba tare da lura ba.

Mai tafiya da ƙafa a yau tituna da gine-gine zai ratsa, domin birnin Madina ya bunƙasa har ya taɓa gindin dutsen. Duk da haka hanyar tana da abin faɗa. A tsakani akwai wurin da ake kira Shaihaini, inda rundunar Musulmi ta kwana bayan ta fito daga gari ranar Juma'a, cikin watan Shawwal na shekara ta 3 bayan Hijira, daidai da watan Maris na 625. A nan ne Annabi ya duba mayaƙa, ya mayar da yaran da ya ga ba su isa ba, cikinsu har da Abdullahi ɗan Umar, wanda a lokacin yake da shekara 14. An bar Rafi'u ɗan Hadiju saboda ya iya harbi, sai Samuratu ɗan Jundubu ya ce ai shi yana kayar da Rafi'u a kokawa. Aka sa su suka kama, ya kuwa kayar da shi, aka bar shi shi ma. Mutum 1,000 ne suka fito, amma kafin a kai fagen fama Abdullahi ɗan Ubayyu ya janye da mutum 300, saura 700. Ƙuraishawa kuwa su 3,000 ne, da dawaki 200, ƙarƙashin Abu Sufyanu, sun zo ɗaukar fansar abin da ya same su a Badar shekara guda kafin nan.

Idan mai tafiya ya iso, zai ga dutsen Uhudu ya tare arewa, dogo mai jan launi, ya miƙe daga gabas zuwa yamma. A gabansa akwai fili, da kwarin Ƙanatu inda ruwa yake bi in an yi sama, sa'an nan ga ɗan tudun nan da ake kira Ainaini, wanda daga baya ya shahara da sunan Tudun Maharba. Annabi ya jera sahabbansa sun ba Uhudu baya, don kada a ɓullo musu ta nan. Kafa guda ta rage wadda dawaki za su iya zagayowa ta cikinta, ita ce ta wajen wannan tudu. Saboda haka ya ɗora maharba 50 a kansa, ya shugabantar musu da Abdullahi ɗan Jubairu, ya yi musu umurni wanda ba shi da harshen damo: su kori dawaki da kibau, kada su bar wurin ko sun ga an ci nasara ana kwasar ganima, kada kuma su sauko taimako ko sun ga ana karkashe 'yan'uwansu, har sai ya aiko musu.

Da fari al'amari ya tafi yadda ake so. Maharba suka mayar da dawakin Ƙuraishawa baya, aka kashe masu riƙe da tutar mushirikai ɗaya bayan ɗaya, rundunarsu ta watse, Musulmi suka shiga tattara ganima. A nan ne mafi yawan waɗanda suke kan tudu suka ga ai yaƙi ya ƙare, zaman me kuma ake yi? Shugabansu ya tuna musu da umurnin Annabi, amma wajen mutum 40 suka sauka. Halidu ɗan Walidu, wanda a ranar yake jagorantar wani sashe na dawakin Ƙuraishawa, ya hango kafar ta buɗe. Ya zagayo, ya kashe Abdullahi ɗan Jubairu da 'yan kaɗan da suka tabbata tare da shi, ya afka wa Musulmi ta baya. Waɗanda suka gudu suka juyo. Sahu ya rikice har Musulmi suka kashe Yamanu, mahaifin Huzaifa, bisa kuskure. Aka yi shela cewa an kashe Annabi.

Ba a kashe shi ba, amma an karya masa haƙori, an fasa masa goshi, zobba biyu na kwalkwalinsa suka nutse a kumatunsa, har sai da Abu Ubaida ya cire su da haƙoransa, nasa biyu suka fita. Ɗalhatu ya kare shi da hannu har hannun ya shanye. Abu Dujana ya sunkuya a kansa kibau suna sauka a bayansa. Nusaiba 'yar Ka'abu, wadda ta fito don shayar da ruwa, ta ɗauki takobi. Da ƙura ta lafa Sayyadina Aliyu yana zuba ruwa, Nana Faɗima tana wanke ciwon, da ta ga jini ya ƙi tsayawa sai ta ƙona guntun tabarma ta danna tokar a wurin. Musulmi 70 suka yi shahada. Cikinsu akwai Sayyadina Hamza, baffan Annabi, da Anas ɗan Nadru wanda aka samu raunuka fiye da 80 a jikinsa, 'yar'uwarsa ce ta gane shi ta yatsunsa. Akwai Mus'abu ɗan Umairu, wanda ya tashi cikin gata da tufafin alfarma a Makka, amma aka rasa mayafin da zai rufe shi duka: in an ja kai ƙafafu su fito, in an ja ƙafafu kai ya fito, sai aka rufe kan, aka sa ciyawar izhiri a ƙafafun.

Wannan labari yana cikin littattafan sira, ɗalibi yana iya haddace shi yana zaune a zauren malaminsa. Amma Hausawa sun ce gani ya kori ji. Abin da ƙafa take koya wa mutum, wanda takarda ba ta iya koya masa, shi ne ƙanƙantar wurin. Mai karatu yakan zaci Tudun Maharba wani babban tsauni ne mai nisa daga fagen fama. Sai ya je ya tarar tsoho ma yana hawansa cikin 'yan mintoci, kuma daga samansa ana ganin filin duka kamar tafin hannu. Tsakanin wurin da aka ce su tsaya da wurin da ganima take, tafiya ce wadda ba ta isa ta sa mutum haki ba. Wanda ya tsaya a can ya dubi ƙasa zai fahimci yadda saukar ta zo da sauƙi, da yadda kowane ɗayansu zai iya ce wa ransa yanzun nan zai je ya dawo.

Abin lura na farko ke nan. Waɗannan bayin Allah ba tsoro ne ya kawar da su ba. Sa'ad da dawaki suke tunkaro su sun tsaya daram. Abin da ya motsa su nasara ce. Sun yi tawili cewa umurnin na lokacin yaƙi ne, yaƙi kuwa a ganinsu ya ƙare. Alhali kuwa an ba da umurnin ne musamman saboda irin wannan sa'a, sa'ar da mai tsaro zai ga kamar tsaronsa ba shi da sauran amfani. Amana ba a gane ƙarfinta ran da mutum yake ganin dalilinta a fili, domin a ranar kowa ma zai riƙe. Ana gane shi ne ran da haɗari ya ɓuya, ido ba ya ganin kome sai rabon da wasu suke kwasa. Aikin mai gadin baya aiki ne marar armashi: in ya yi shi daidai ba abin da zai faru, ba kuwa wanda zai yabe shi a kan abin da bai faru ba.

To, a nan ne kuma mai ziyara yake cikin haɗarin kansa. Yana tsaye a kan tudun, ya riga ya san yadda ranar ta ƙare, sai ya ji a ransa cewa da shi ne da bai sauka ba. Har akan ji wasu suna girgiza kai suna cewa kwaɗayi ne ya jawo. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani, kuma da wuya a sami inda wannan karin magana ya fi dacewa kamar wannan wuri. Mai faɗin haka ya san ƙarshen labari, su kuwa ba su sani ba. Ya zo a ƙoshe cikin mota mai sanyi, su kuwa mutane ne da suka fito da rayukansu a hannu, bayan mutum 300 sun juya sun bar su. Wanda bai taɓa tsayawa gaban doki mai sukuwa ba, ina ya sami bakin aibanta wanda ya tsaya?

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, Allah da kansa ya riga ya yanke hukunci. A cikin Ali Imrana ya ambaci rauni da jayayya da saɓa umurni da suka auku, ya bayyana cewa a cikinsu akwai mai nufin duniya akwai mai nufin Lahira, sa'an nan a cikin ayar nan guda ya sanar da cewa ya yafe musu. Ya sake nanata yafewar game da waɗanda suka juya baya. An ruwaito cewa wani mutumin Masar ya zo aikin Hajji, ya tambayi Abdullahi ɗan Umar ko gaskiya ne Sayyadina Usmanu ya gudu ranar Uhudu, yana neman abin suka. Ɗan Umar ya ce masa haka ne, kana ya shaida masa cewa Allah ya yafe masa ya gafarta masa. Bai musa abin da ya faru ba, bai kuma bar mutumin ya mai da shi makami ba. Wannan ita ce hanyar Ahlus Sunna game da sahabbai, Allah ya yarda da su.

Wani zai ce, in dai an yafe, me ya sa ake ta maimaita labarin? Ashe ba rufa asiri ya fi ba? Amsa ita ce, Alƙur'ani bai rufe ba. Malaman sira sun ƙidaya ayoyi wajen 60 da suka sauka a kan wannan rana, ana karanta su a salla har gobe. Da Musulmi suka tambaya daga ina wannan masifa ta zo, an amsa musu cewa daga kansu take, tare da tabbatar da cewa ba abin da ya auku sai da izinin Allah. Ba a bar su su fake da ƙaddara su tsere wa alhaki ba, ba a kuma bar su su yanke ƙauna ba. Al'ummar da take ɓoye ranar faɗuwarta za ta sake faɗuwa a ramin, wadda kuwa take mai da ranar abin gori za ta cinye junanta. Uhudu ta koyar da hanya ta uku: a faɗi kuskure dalla-dalla, a yafe wa mai shi, a riƙe darasin. Abin mamaki, fita bayan gari ma ba ra'ayin Annabi ba ne tun farko, shi ya fi son a tsaya cikin Madina, matasa ne suka matsa. Duk da haka bayan abin da ya faru an umurce shi ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya ci gaba da shawartarsu. Washegari kuma da waɗannan masu raunuka ya fita bin sawun Ƙuraishawa har Hamra'ul Asad, bai yarda wani sabo ya shiga ba sai Jabiru ɗan Abdullahi.

Haka nan filin ba ya ba mai ziyara damar ya komo da ƙiyayya. Halidu da ya zagayo tudun ya musulunta a shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi ya yi masa laƙabi da Takobin Allah. Abu Sufyanu da matarsa Hindu da Ikrimatu ɗan Abu Jahali duk sun shiga Musulunci a lokacin buɗe Makka. Wahshi, wanda ya jefi Sayyadina Hamza da mashi, ya musulunta, kuma da mashinsa aka kashe Musailamatu maƙaryaci a Yamama zamanin Sayyadina Abubakar. Wanda ya tsaya a Uhudu ranar yaƙin da zai rantse ya san 'yan Wuta da idonsa, da kuwa ya yi rantsuwar banza. Ƙarshen bawa ilminsa yana wurin Ubangijinsa.

Mafificin mai ziyarar wannan wuri shi ne Annabi da kansa. Uƙubatu ɗan Amiru ya ruwaito cewa bayan shekara 8 da yaƙin, dab da wafatinsa, ya fita ya yi wa shahidan Uhudu addu'a kamar mai ban kwana da rayayyu da matattu, sa'an nan ya hau mumbari. Abin da ya faɗa a ranar shi ne ba shirka yake ji wa sahabbansa tsoro ba a bayansa, abin da yake ji musu tsoro shi ne duniya, kada su yi rige-rige a kanta. Mai hankali ya duba: daga filin Uhudu ya taso, kuma gargaɗin da ya komo da shi game da abin nan ne da ya buɗe kafar tudu. Bai ambaci maharba ba, bai zargi kowa ba. Ya juya maganar ga masu rai da abin da yake gabansu.

Ƙasar Hausa ma ta san wannan darasi. Sunan Tabkin Kwatto, inda jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka yi nasara a watan Yuni na 1804, ya fi yawo a bakin mutane fiye da sunan Tsuntsuwa, inda a ƙarshen wannan shekara aka kashe musu jama'a masu yawa, har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Kuma da nasara ta soma zaunawa, Malam Abdullahi ƙanin Shehu ya ga yadda son mulki da dukiya yake shiga zukatan wasu, har ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, sai da mutanen Kano suka tsayar da shi. Abin da ya kore shi ba takobin Gobirawa ba ne.

Saboda haka tambayar da ta dace mai ziyara ya yi a kan tudun ba ta maharba ba ce, tasa ce: shi a wane tudu aka ɗora shi, kuma yana nan a kansa? Malamin makaranta da yake barin aji ya tafi kasuwancinsa don ya ga takwarorinsa sun gina gidaje, ma'aikaciyar jinya da take barin ɗakin marasa lafiya da dare don ta ga kowa ya yi barci, ma'ajin da aka ba ajiyar kuɗin jama'a ya ce zai ɗan juya su ya mayar, alƙalin da ya karɓi goro ya ce ai shari'ar ƙarama ce, uban da ya bar tarbiyyar 'ya'yansa don neman abin da ya fi ƙarfin bukatarsa, kowannensu yana da irin hujjar nan: ba abin da zai faru, yanzu zan dawo, kowa ma yana yi. Kuma kamar yadda ya kasance a Uhudu, sau da yawa ba mai saukar ne yake biyan farashi ba, wanda ya dogara da tsaronsa ne. Bambancin kawai shi ne waɗancan an saukar da yafewarsu daga sama, na yau kuwa ba shi da wannan tabbaci.

Game da ladabin ziyarar, abu ne mai sauƙi. Mutum ya tsaya a bakin maƙabartar shahidai, wadda take kewaye da katanga kusa da tudun, ya yi musu sallama irin wadda Sunna ta koyar ga ma'abuta kaburbura, ya roƙa musu rahama da ɗaukakar daraja. Kada ya roƙe su biyan bukata, domin roƙo na Allah ne shi kaɗai. Kada ya ɗebi ƙasa ko tsakuwa ya ƙulle a haɓar zane da sunan tabarruki, kada ya yi rubutu a jikin duwatsu. Hawan tudun ba ibada ba ne, ba kuma sharaɗin Hajji ko Umra ba ne, sai dai hanya ce ta fahimta ga mai iko. Ya sassauta murya, ya rage raha. In da hali ya karanta labarin yaƙin da tafsirin ayoyinsa kafin ya fito masauki, ya kuma tafi da wanda bai sani ba ya bayyana masa. Malaman da suke rakiyar alhazai suna da babban nauyi a nan, domin minti 10 na bayani a gindin tudun ya fi wa alhaji amfani bisa ga tsarabar da zai cika jaka da ita.

Wanda kuwa Allah bai hore masa zuwa ba, bai yi asarar darasin ba, tun da wurin tsaronsa yana nan inda yake kwana yake tashi. Allah ya ƙara yarda da shahidan Uhudu da sauran sahabbai, waɗanda suka tabbata da waɗanda aka yafe wa. Ya ba Musulmi ikon riƙon amana a lokacin tsanani da lokacin yalwa, ya sa a gama da duniya lafiya. Amin.